Tsani Na Biyu

'Yan uwa, Suzu ta yi magana.

Na so in fara da gaisuwa, in ba ku haƙurin sati biyun da na ɓace, amma bakina ya kasa riƙewa. 'Yata Suzune, mai shekara uku da wata huɗu, wadda likita biyu suka leƙa kunnenta da maƙogwaronta suka ce lafiyarta ƙalau, ita ce dai ba ta ga dama ba, jiya da yamma ta buɗe baki ta faɗi kalma. Ashe muryarta 'yar shaƙaƙƙiya ce kamar ta mai mura. A gidan mai nake rubuta muku wannan, a gefen hanya. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, kun san ban gama sakandare ba.

Sai dai kalmar ta zo da nata kayan, shi ya sa nake dariya ina share hanci.

Waɗanda suka shigo sabo, ni ce Fuyuka. Mijina Akifumi ya rasu shekara biyu saura wata ɗaya, zuciyarsa ce ta tsaya a wurin aiki. Uwata ta rasu ina 'yar shekara tara, babana ya yi wani auren can kudu ya manta da ni. Saboda haka iyayen Akifumi, Baba Shiomi da Mama, su ne iyayen da nake da su a duniya. Mama ce ta koya min ɗaura ɗamarar rigar biki, ita ta riƙe min hannu ranar haihuwa. Sai kuma Kaneto, wanda yake kawo kifi shagon abincin da nake dunƙula shinkafa. Wata tara ke nan muna tare, ya tambaye ni aure na ce to, amma su Mama ba su san da shi ba. Abin da nake tsoro ɗaya ne: ranar da suka sani, in tashi daga 'ya in koma matar da ɗansu ya taɓa aura.

Duk shekara a hutun ziyarar kabari mukan je tsohon gidan su Baba da ke bakin teku. Bana Baba ya mayar da lasisinsa bayan ya goge ƙofar gida da mota har sau biyu, aka rasa mai tuƙi. Ni kuma da shegiyar dabarata na ce akwai wani abokin aikinmu mai mota. A raina na ce bari su fara ganinsa, su ji daɗinsa, sannan in faɗa.

Na tura wa Kaneto saƙo. Ya amsa: "A matsayin wa zan je?"

Na ce: "Direba."

"Direban da ya sayi sabuwar riga?"

"Kar dai ka sa mai furannin nan."

"Ita na sa."

Ita kuwa ya sa, 'yan uwa. Shuɗiya da fararen furanni manya-manya kamar labulen gidan wanka. Mama na ganinsa ta rufe baki da hannu.

Awa huɗu muka yi a hanya, kafin mu isa ya riga ya saye zuciyar Mama. Shi ya ɗauki jakunkuna, shi ya buɗe tagogin gidan da suka kumbura da damina, shi ya kashe ƙatuwar gizo a banɗaki. Da aka je kabari ya tsaya can nesa riƙe da bokiti, muna wanke dutsen kabarin Akifumi. Ban iya kallon inda yake ba. Da rana Mama ta dafa taliya mai sanyi, ta yi ta ƙara masa, tana tambayarsa ko yana da mata. Ya ce tukuna. Ta ce abin kunya ne namiji mai hannun aiki haka ya zauna ba kowa, akwai 'yar maƙwabciyarta mai aiki a kantin magani, ba kyau sosai amma ta iya miya. Kaneto ya ƙware da shayin sha'ir. Baba ya ce ta bar bawan Allah ya ci abinci, ta aurar da rabin unguwa kuma rabinsu sun rabu.

Bayan an ci, ta ja ni ɗakin ciki ta fito min da rigar bazara, fara mai zanen ciyawar ruwa, wadda ta sa tana amarya. Tana ɗaura min ɗamara ta baya ta ce sun gama gyara ɗakin sama a gidansu na gari, an sa sabuwar tabarma, an fenti bango launin ƙwai saboda Suzu. Wai in sanyi ya wuce mu tattaro mu dawo, me zan zauna ina yi ni kaɗai a ɗaki ɗaya saman shagon wanki.

"Ke kaɗai kika rage mana, 'yata," in ji ta, ta ja ɗamarar ta ƙulle.

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Mama, ta matse ni kaɗan."

To yanzu bari in faɗa muku zancen tsani, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane sauran ba.

Baba mai ɗaukar hoton jirgin ƙasa ne, shekara arba'in da wani abu. Akifumi a hannunsa ya koya. Bayan gidan akwai wani tudu, in ka hau za ka ga layin dogo ya lanƙwaso ta gindin dutse, teku na lasar ƙasansa. Ƙarfe shida da minti ashirin tsohon jirgi mai tarago biyu, ja da ruwan madara, yakan wuce daidai lokacin da rana ke shirin faɗawa ruwa. Hoton da uba da ɗa suka yi shekaru suna nema ke nan: jirgi a tsakiyar lanƙwasa, rana a kan rufinsa. Kullum sai wani abu ya ɓata, ko hadari, ko hazo, ko jirgi ya yi latti. Bana kuma aka ce za a ajiye jirgin da kaka, a daina aiki da shi. In ba a samu yanzu ba, an rasa ke nan.

Masu wannan harkar suna da dokarsu da ba a rubuta ba. Tun da safe mutum zai je ya kafa ɗan tsaninsa na ƙarfe, mai taka uku, ya koma gida. Tsanin nan shi ne mutumin. Ba mai matsar da shi, ba mai zama a kai, ba mai jingina jaka. Baba tsani biyu yake kafawa. Nasa, da na Akifumi a damansa. Bara ma haka ya yi, kuma duk mutanen tudun sun san dalili, ba wanda ya ce uffan ko da wuri ya yi ƙunci.

Kaneto ne ya ɗauke su a kafaɗa jiya da safe ya bi Baba. Da ya dawo ya raɗa min, wai tsanin nan na biyu na ajiya ne ko me. Daidai nan Mama ta shigo da kankana. Na ce zan faɗa masa anjima. Gaskiyar magana, ba na son ambaton sunan Akifumi a gabansa, yakan kalli ƙasa kamar shi ya yi laifi. Anjimar ba ta zo ba.

Akwai wani abu kuma. Kullum muka je wurinsu, Mama takan ɗora Suzu a cinya ta buɗe littafin hotuna, tana nunawa tana cewa, "Abba. Ce Abba." Shekara guda tana wannan. Amma kun san masu hoton jirgi, ba sa yarda a ɗauke su. Duk hotunan Akifumi da ke littafin, Mama ce ta sace su ta baya. Bayansa ne kawai, yana tsaye a kan tsani, teku a gabansa.

Ƙarfe biyar da rabi muka hau tudu. Mutane sun kai talatin, tsofaffi da samari, kowa da na'urar hotonsa mai dogon hanci. Wani tsoho mai hular kamun kifi, Malam Todoroki, abokin Baba tun suna samari, ya hango shi ya ce, "Shiomi, ashe kana nan? Na ɗauka kai za a fara ajiyewa kafin jirgin."

Baba ya ce, "Ina jira in ga ranar da za ka ɗauki hoto ɗaya da ba babban yatsanka a ciki."

Aka yi dariya. Sama fes, ko ɗigon girgije babu. Baba ya kalli yamma ya kalli agogo. Ya ɗaura 'yar na'urar ɗaukar sauti a jikin shinge, ya hau tsaninsa. Ni ina baya da Suzu a hannu, Mama na gefena da mafici. A raina na ce in ya samu hoton nan, yau a kan abinci zan faɗa musu, tunda ran tsoho zai yi fari.

Shida da kwata Malam Todoroki ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Wannan ma doka ce. Da yawansu suna ɗaukar ƙarar jirgin, don haka tun kafin ya ɓullo har sai ƙararsa ta ɓace gaba ɗaya, ko tari ba a yi.

Kawunan mutane sun tare ni, ni kuma ina son in samu ko ɗan hoto ɗaya na nuna muku. Sai na miƙa wa Kaneto wayata, na yi masa alama da ido. Ya ɗaga hannu sama, bai ga komai ba. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ga tsani ba kowa a kai, wanda shi da kansa ya ɗauko da safe. Ya hau.

Mafici ya tsaya a hannun Mama. Malam Todoroki ya juyo ya zare ido, amma ba halin magana. Baba idonsa na cikin na'ura, bai gani ba. Ni kuwa ga yarinya a hannu, ga mutane a tsakani, ga ƙarar jirgi ta fara tasowa daga bayan dutse.

Ya fito a hankali, fitilarsa kunne. Rana ta sauko ta zauna a kan rufinsa kamar an ɗora ta da hannu, teku duk ya koma jan ƙarfe. Sai ƙarar na'urori ko ta ina, kamar ana ɓarar gyaɗa. Ya gama lanƙwasa, ya shige ramin da aka huda a cikin dutse. Ba wanda ya motsa, ana jin ƙarar tana nisa, tana nisa.

A cikin wannan shirun Suzu ta zare yatsa daga baki, ta nuna bayan mutumin da ke kan tsani, ta ce, "Abba."

'Yan uwa, ku da kuke da 'ya'ya ku faɗa min abin da za ku yi. Shekara biyu ina jin 'ya'yan mutane suna surutu a filin wasa ina komawa gida in rufe ƙofa. Na manta da doka, na manta da Mama, na manta da kowa. Na kwarma ihu, "Ta yi magana! Kaneto, ka ji? Ta yi magana!" Ya diro daga tsani, na faɗa jikinsa da ni da yarinyar, ya rungume mu yana kuka kamar ƙaramin yaro, hancinsa a cikin gashina. Ba rungumar direba ba ce. Makaho ma ya san ba ita ba ce.

Wani saurayi ya yi tsaki ya ce an ɓata masa sauti. Malam Todoroki ya ce masa ya rufe baki.

Da na ɗago, Baba ya sauko yana tsaye, yana kallon tsanin da har lokacin yake ɗan girgiza. Mama kuma ni take kallo. Ba fushi a fuskarta, da fushin ne da na ji sauƙi. Ta zo ta shafa kan Suzu ta ce, "Sannu, 'yar albarka, kin yi ƙoƙari." Ta juya ta fara sauka.

Baba ya naɗe tsanin biyu. Kaneto ya miƙa hannu zai karɓa, Baba ya ce a'a, ya gode, zai iya. Mutum mai shekara saba'in da uku da ciwon gwiwa, ya saɓa su duka ya gangara. A hanya na faɗa wa Kaneto tsanin na wane ne. Ya tsaya cak, ya ce me ya sa ban faɗa masa ba. Da muka isa ya durƙusa a bakin ƙofa ya kai goshi ƙasa, Baba ya ce ya tashi, wanda bai sani ba bai yi laifi ba. Yadda ya faɗi maganar, kowa ya san waye wanda ya sani.

An gasa kifi, ba wanda ya ci kirki. Na yi ta lallaɓa Suzu ta sake faɗa, ta ƙi, ta koma tsotsar yatsa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku. A gida, in na ji motar Kaneto ta tsaya a ƙasa, sau uku ko huɗu na taɓa ce mata, "Ga Abba nan ya zo." Da wasa nake yi, ina gwada yadda zai zauna a bakina. Don haka ni kaina ban san wanda ta kira ba. Ko mutumin da yake saya mata alewa ne, ko kuwa bayan nan na cikin littafin Mama ne ta ga ya fito ya tsaya a gabanta.

Yau da safe Kaneto ya tafi wanke mota, na san gudu ya yi don ya ba mu wuri. Na tarar da su zaune a teburi. Mama ta zuba min shayi. A gidan nan kowa da kofinsa, nawa kore ne mai ɗan tsagu a baki, shekara biyar da shi nake sha. Yau ta ajiye min farin kofi mai murfi a kan 'yar faranti, irin wanda ake fitowa da shi in limamin haikali ya zo. Ta juya shi yadda zanen zai fuskance ni, ta ce bismillah in sha kafin ya huce.

Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce wata tara. Ta gyaɗa kai, ta ce ita ba ta taɓa zaton zan zauna haka har tsufa ba, shekarata ashirin da shida. Abin da ya ci mata rai, na bar ta tana yi wa mijin da zan aura tallan 'yar maƙwabciya, na bar ta tana fentin ɗaki. Ta ce da na faɗa, da kuka kawai za ta yi, kuma kuka ba baƙonta ba ne.

Baba ya ajiye 'yar na'urar sautin a tsakiyar teburi ya danna. Ƙarar teku. Ƙarar jirgi tana zuwa, tana wucewa, tana ɓacewa. Sai 'yar muryar nan. Ya tsayar kafin ihuna. Ya ce ya samu hoton, irin wanda suke nema, amma ko buɗe shi bai yi ba, wannan yake ta saurare. Sannan ya kalle ni, idonsa ja.

"Fuyuka, ke ce uwarta. Wa ta kira?"

Na san amsar da yake so. In na ce Akifumi, tsohon nan zai riƙe ta har kabarinsa, cewa jikarsa ta ga ɗansa a kan tsani ranar da rana ta zauna a kan jirgi. Mama za ta ɗauke farin kofin nan, wataƙila ba yau ba, amma za ta ɗauke. Kuma ba lallai ƙarya ba ce. Harshena har ya ɗauko sunan.

Sai na tuna wata tara ke nan ina ba su amsar da suke so.

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Mama ta koya mata da hoto, ni ma na taɓa kiran Kaneto haka a gabanta. Ban san wanne ta ɗauka ba." Na ajiye kofin. "Amma zan aure shi. Kuma ba na son in rasa ku."

Baba ya ɗauki na'urarsa ya sa a aljihu. Can ya ce su za su ƙara kwana biyu, za su koma a jirgi, kada a wahalar da Malam Kaneto. Mama ta haɗa mana dunƙulen shinkafa shida da ɗan itacen fulam mai tsami a ciki, ta naɗe a ƙyalle. Na ninke rigar bazararta na miƙa mata, ina fatan ta ce in riƙe. Ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode. Ta sumbaci Suzu a ka. Ni kuma ta rusuna min, rusunawa mai kyau, har ƙasa, irin wadda ba ta yi min ba tun ranar da Akifumi ya fara kai ni gidansu.

Awa biyu muka yi a mota. Kaneto ya cire rigar furannin ya sa tsohuwar rigar aikinsa mai ƙarnin kifi, ban tambaye shi dalili ba. Muna tsayawa a nan gidan man wayata ta yi ƙara sau biyu.

Na farko Baba ne. Ya turo sautin, duka, har da ihuna da tsakin saurayin nan. A ƙasa ya rubuta: "Wannan na uwa ne." Na saurara sau tara. Ina ji ina dariya, mai zuba mai yana kallona kamar mahaukaciya. Ku ji fa, 'yata tana da murya.

Na biyu Mama ce, a kan addu'ar cikar Akifumi shekara biyu da za a yi wata mai zuwa, wadda ni da ita muka riga muka zaɓi abincin da za a raba. Ta rubuta: "Ranar addu'a za mu aiko a ɗauki Suzu da safe, a dawo da ita da yamma. Ke ba sai kin wahalar da kanki ba, mun san kina da hidima."

Na rubuta, "To, Mama." Na goge Mama, na bar To kawai. Na kalle shi, ya yi min kama da amsar da ake ba mai gidan haya. Na mayar da Mama, na ƙara da cewa zan kawo ta da kaina, ko a bakin ƙofa ne zan tsaya. Na tura.

Wayar ta nuna Mama ta karanta tun minti arba'in da suka wuce. Kaneto ya tambaye ni ko mu tafi, na ce ya ɗan ƙara jira, gaba akwai ramuka a cikin dutse, waya ba ta kamawa.